Shekarar da Na Yaƙi Toka

Lami, Iliya, da ke Talatu auta, wannan babin naku ne, ku karanta shi a zaune. Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin nan duk Kirsimeti, kowa yana ƙara masa gishiri, har jikokina suna kallona suna rufe baki. Iliya yana cewa wai na haye katanga. Ƙarya ne, katangar ta fi ni tsawo, kuma ko a lokacin jikina ba na tsalle ba ne. Lami tana cewa zanena ya faɗi a gaban Fasto. Wannan ma ƙarya ne. Zanen da ya faɗi na Maman Chidi ne, kuma Fasto ya juya baya. Dukanku ba kwa gida ranar, ba wanda ya ga komai. Ni da na yi abin zan faɗe shi, da hannun nan da ya koyi riƙe biro bayan furfura ta soma fito mini. Abin da kuke yi wa dariya ba shi ne abin kunyar ba. Abin kunyar ba ku san shi ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Yelwa ta wancan lokacin ba irin ta yanzu ba ce da ɗakunan haya suka cinye ko'ina. Bayan gidanmu ciyawa ce da itatuwan mangwaro da wani rami da ake zuba shara. Ina suyar masa a bakin hanya, gindin dalbejiya, ɗaliban jami'a suna layi da robobinsu. A gefena kuma Goggo Dija ke zama da ƙwaryar nono da fura. Bafulatana ce, mijinta ya rasu, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ɗanta Buba, magidanci ne da iyalinsa a ruga, shi ke kawo mata madara a kan babur. Shekara goma sha ɗaya muna zaune kafaɗa da kafaɗa, wanda ya sayi masata ya juya ya sayi nononta. Matan majami'armu su ne manyan masu saye a wurinta, musamman ranar Lahadi in an taso daga sujada. Ita ba ta da magana, ni kuwa ina yi wa mu biyun. Da na haifi Talatu, ita ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in, kuma ba ta taɓa ɗaga zancen ba ko sau ɗaya.

A shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka haɗu a kaina. Na farko, na gama ajin manya, na iya karatu, har ina karanta allon shaguna da ƙarfi a kan hanya ko ba a tambaye ni ba. Na biyu, aka yi taron farkawa na kwana uku a majami'armu, wani baƙon mai bishara ya yi mana koyarwa a kan yaƙin ruhaniya. Mutumin ya iya magana. Ya ce Shaiɗan ba ya hutu, mai bi kuwa soja ne, ba a son sa da gyangyaɗi. Ya ce makamanmu gaskiya ne da bangaskiya da addu'a. Ya kuma ce, ina tuna wannan sarai yanzu, abokin gabanmu ba maƙwabci ba ne, ba ɗan Adam ba ne sam. Na ji wannan sashen da kunnena, amma na ture shi gefe kamar ƙashi a miya. Ni yaƙin nake so. Tun ina yarinya ake ce mini in rage faɗa, sai ga mutum a kan bagade yana cewa in ƙara. A ƙarshen taron zumuntar mata ta zaɓe ni shugabar addu'a, domin in na ɗaga murya har masu acaba a bakin titi suna cewa amin.

Soja ya samu kaki, saura abokin gaba. Na yi wata biyu ina nema ban samu ba.

Da damina ta kankama, wata safiya na buɗe akurki na tarar da 'yan tsakina tara duk sun mutu, wasu saura ƙashi da gashi. Uwar tana kan rufin bayi tana ihu. Washegari na fito da tanda zan tafi bakin hanya, sai ga toka an zuba ta a miƙe daga wannan kusurwar ƙofar gidanmu zuwa waccan, ta bi gindin katanga ta zagaya har bayan akurki. Layi ne siriri, mai kyau, kamar an ja shi da zare. Na share. Washegari ya dawo. Na kira babanku, yana fere katako a zaure.

"Baban Lami, zo ka ga aikin magabci."

Ya zo ya duƙa, ya taɓa da yatsa, ya shinshina.

"Toka ce," in ji shi.

"Na san toka ce! Wa ya zuba?"

"Mai murhu."

"Kai komai wasa ne a wurinka. An ɗaure mana gida, an fara da kaji, gobe 'ya'yanka ne."

"Maman Lami, in mutum zai ɗaure gida, zai tsaya ya gyara layi haka? Ko ni kafinta da nake da tef ɗin awo ban iya wannan ba."

Ya koma kan katakonsa. Babanku kun san shi, ko rufin ɗaki ya faɗo sai ya fara duba irin kusar. Na ce a raina shi ma an fara taɓa shi.

Rana ta huɗu na riga kowa tashi, na leƙa ta ramin ƙyaure. Gari ya yi haske, an fito daga sallar asuba. Sai ga Goggo Dija da kasko a hannu, a duƙe, tana tafiya da baya tana zuba toka a ƙofar gidana, leɓenta yana motsi. Yanzu na san tasbihinta na safe take ƙarasawa, kamar yadda ni ma nake waƙa in ina shara. A ranar kuwa na ce na kama ta da baki a cikin aiki. Ku lura da wannan, domin nan ne Shaiɗan na gaskiya ya samu kujera. Ni 'yar ƙauye ce. Na ga uwata tana zagaye rumbu da toka tun ban fi tulu tsawo ba, na san abin da ake yi da ita. Amma ban tuna ba, saboda ba na so in tuna. Na daɗe ina jiran abokin gaba, ga shi an kawo mini har ƙofa, ba zan bari ya zama maƙwabciya mai kirki ba.

Ban buɗe ƙofar na tambaye ta ba. Na jira Lahadi. Da aka taso daga sujada mata suka taru gindin dalbejiya kamar kullum, kowa da kwanonta. Na tsaya da kayan majami'a a jikina na ce kada wadda ta sake sayen nonon nan. Na ce ban san abin da ake zubawa a ciki ba, amma na san abin da ake zuba mini a ƙofa. Na kira ta da sunan nan da ba a kiran mutum da shi, sunan masu cin kurwa. Na rubuta, na goge, ba zan sake rubuta shi ba. A gaban ɗalibai na faɗa, da masu acaba, da yaran unguwa.

Goggo Dija ta ɗago kai ta dube ni.

"Uwar Lami, ni?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta rufe ƙwarya da faifai, ta ɗora a ka, ta shige gida. Na ɗauka shirun nan amsa laifi ne. Ban san cewa a wurinsu mutum ya yi alheri ya faɗa da bakinsa abin kunya ba ne, a zarge shi kuma ya tsaya kare kansa a bainar jama'a, wannan ya fi kunya. Litinin ta fito, ba wanda ya saya. Talata ta fito, yara suka tsaya daga nesa suna nuna ta. Laraba ba ta fito ba. Aka ce mini Buba ya zo ya ji labari, ya rantse ranar Litinin mai zuwa zai kawo mota ya kwashe uwarsa ta koma ruga, ita da ta bar rugar saboda ciwon gwiwa da nisan asibiti. Amma kowace safiya a cikin kwanakin nan, layin toka yana ƙofata. Na ce kun gani, taurin kai irin na masu duhu.

Na je na gaya wa Fastonmu, dattijo ne mai sanyin magana, cewa ranar Alhamis zumuntar mata za ta yi addu'ar yaƙi a gidana.

"Mama Rifkatu, kin tambaye ta?"

"Baba Fasto, ana yaƙi ana tambaya?"

"Ana yi. Ko sojan gwamnati yana tambaya wane ne kafin ya harba."

"Ni na gani da idona."

Ya ce zai zo, a ajiye masa kujera.

Alhamis da hantsi, bayan an ɗauke ruwan da aka kwana ana yi, mata goma sha biyu suka iso cikin anko, da azumi a bakinsu, da tulun kiɗa da kacakaca. Muka fara da tokar. Muka share ta tas da sababbin tsintsiya, daga ƙofa har bayan akurki, muka bi da ruwa bokiti shida. Sai maganar man shafewa. An aiki Maman Chidi, mai shagon kayan miya a layinmu, ta nemo man zaitun, ba ta samu ba. Ta zo da galan na manja daga shagonta.

"Mai duka mai ne," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Addu'a ne yana aiki. Wannan ma na garinmu ne, ba gauraye."

Na ɗora hannu a kan galan na yi addu'a. Muka bi duk inda tokar take muka tsiyaya manja, har muka ƙara da kewaye tsakar gida inda za mu durƙusa. Kafin mu fara na ja musu kunne, kamar yadda na ga ya dace da babban soja.

"Ku ji da kyau. Magabci ba zai zauna ya zuba mana ido ba. Za ku ji abu a jikinku, zafi ko tsunkuli. Duk wadda ta buɗe ido ko ta motsa, ta ba shi ƙofa. Kome kuka ji, ku ƙara murya."

Muka durƙusa a da'ira, ido rufe. Fasto yana kan kujera a bakin baranda, ya ɗora ƙafafunsa a kan turmi saboda laima. Na ja addu'a, suna amsawa. Na ɗaure, na kwance, na kora, na tsawata. Mun yi kamar rabin awa sai na ji wani abu kamar allura a ƙaurina. Na ce yauwa, ya iso. Na ƙara murya. Sai na ji a cinya, sai a baya, sai a hammata. Amin ɗin mata ya fara canza launi. Saraya mai kiɗan tulu tana buga shi kamar ya yi mata laifi. Wata a hannun damana tana kiran sunan Yesu da wata irin murya da ban taɓa jin ta a bakinta ba. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yau addu'a ta kama wuta. Maman Chidi ta bar Hausa ta koma yarensu, tana marin cinyarta tana cewa amin.

"Mata, ku buɗe ido," in ji wata murya a hankali.

"Kada ku saurare shi!" na daka tsawa. "Yana iya aron murya! Na tsawata maka, kai maƙaryaci, koma inda ka fito!"

"Rifkatu, ni ne Fasto. Buɗe idonki."

Na buɗe ɗaya. Tsakar gidan baƙi ƙirin yake, kuma yana tafiya. Kwarkwasa ce. Ta taso daga ramin shara ta bayan katanga, ta bi layin manjan nan kamar an shimfiɗa mata titi, faɗin tafin hannu biyu, ta shigo ta kewaye mu, ta hau mu. Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. Mata goma sha biyu masu azumi suka tashi a lokaci ɗaya. Tulu ya fashe. Saraya ta faɗa cikin baho na ruwan wanke-wanke ta zauna. Maman Chidi ta kwance zane ta yi jifa da shi ya sauka a kan igiyar shanya, a nan ne Fasto ya juya ya fuskanci bango, yana tsaye a kan kujera yana cewa Ubangiji ya yi jinƙai. Babanku ya leƙo daga zaure, ya ga halin da mata suke ciki, ya ja ƙyaure ya rufe kansa. Ni ban haye katanga ba. Na dai gwada.

Ana cikin haka sai ga Goggo Dija ta shigo, ba sallama, da kasko cike da toka mai zafi a hannu ɗaya, da damin ciyawa mai hayaƙi a ɗayan. Ba ta dubi kowa ba. Ta tafi kai tsaye inda rundunar ke shigowa ta gindin katanga, ta zuba toka ta yanke hanyar, ta kara musu wutar ciyawar. Ta koma gida ta sake cikowa, sau uku, da gwiwar nan tata. Kwarkwasar da ke cikin gida ta rikice ta fara neman hanyar fita. Sannan ta zo inda nake tsaye ina rawar da ba kiɗa, ta kama ni ta juya ni kamar yarinya, ta cire mini ɗankwali, tana tsince su daga wuyana ɗaya bayan ɗaya. Masu manyan kai ba sa saki sai an murɗe. Ta dubi ƙasa, ta shafa jan man da yatsa.

"Manja kuka zuba musu?"

Ta goge yatsan a gefen zanenta.

"Ai biki kuka gayyace su." Ta ɗauki kaskonta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Su suka cinye miki 'yan tsaki. Na ga hanyarsu ta bayan katangata. Ɗakin yaranki ne a gaba."

Ɗakinku ke nan, ku ukun, inda kuke kwana a tabarma. Talatu ba ta fi shekara huɗu ba.

Da mata suka watse, kowa tana tafiya a buɗe kamar mai sabuwar kaciya, Fasto ya sauko daga kujera ya ce in zauna. Na ce ba zan iya zama ba, ya ce to in tsaya. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na ji sauƙi. Ya ce magabci ya zo gidan nan da gaske, bai musa ba, amma ba yau ya zo ba kuma ba ta gindin katanga ya shigo ba. Ya ce ya shigo ranar da na leƙa ta ramin ƙyaure na ji daɗin abin da na gani. Ya ce in duba makaman da aka lissafa mana a taron farkawa, in gaya masa wanne na ɗauka. Na duba, gaskiya ce ta farko, kuma ko nemanta ban yi ba. Na ce to yanzu wane yaƙi ya rage. Ya nuna katangar Goggo da haɓa, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Na shiga gidanta da yamma. Ƙullin kayanta biyu suna jingine a bango, an riga an ɗaure. Na durƙusa, ni Rifkatu da ban taɓa durƙusa wa mace ba in ba uwata ba, na ce na yi laifi.

"Ba komai," in ji ta.

Wanda bai san Fulani ba zai tashi yana murna. Ni na san wannan ba komai ɗin, ƙofa ce aka rufe a hankali. A gaban jama'a na ɓata ta, na zo a ɓoye ina neman gyara.

Ranar Lahadi da aka ba da lokacin shaida, na tashi. Mutane suka gyara zama suna jiran labarin kwarkwasa, wasu har sun fara murmushi. Na ce na yi wa maƙwabciyata ƙarya, na faɗi sunanta, na faɗi abin da take yi mini da abin da na saka mata da shi. Na ce na ajiye shugabancin addu'a, a ba wadda ta san bambancin Shaiɗan da mai nono. Wannan ya yi mini ciwo fiye da cizon, kada ku ɗauka wasa ne, ina son kujerar nan. Da aka tashi na tasa matan zumunta a gaba har ƙofar Goggo, na yi ta sallama har ta gaji ta fito. Na roƙe ta ƙwaryar nono. Na kai gindin dalbejiya, inda na yi ɓarnar, na kira ɗalibai da masu acaba su matso. Kun san ni da nono ba ma shiri, cikina ba ya ɗaukarsa, shekara goma sha ɗaya ina gefenta ban taɓa kai ludayi baki ba. Ranar na sha ludayi bakwai a tsaye, ina faɗa bayan kowane ɗaya cewa ni ce maƙaryaciya. Maman Chidi ta karɓa ta sha, sauran suka bi. Kwana biyu na yi ina zarya tsakanin ɗaki da bayi, babanku yana tambayata ko wannan ma harin magabci ne.

Litinin Buba ya zo da mota. Ina kwance ina jin su ta katanga. Ya yi magana mai tsawo da Fulatanci, ta ba shi amsa gajeriya. Motar ta koma ba kaya. Amma kada ku ce komai ya koma daidai. Wasu masu saye ba su dawo ba har abada, maganar da na saki ta riga ni isa wasu gidajen, kuma gyaran bai bi ta can ba. Goggo ta dawo sana'a, sai dai ta koma gindin wata bishiya a ƙetaren hanya. Tokar ma ta daina zuwa ƙofata.

Sai na fara zuba mata. Kowace safiya na kwashi tokar murhun masa na bi ƙofarta da gindin katangarta. Hannuna ba irin nata ba ne, layina kamar tafiyar mashayi. Sati uku tana tsallakewa ta wuce. Wata safiya ina duƙe sai na ga ƙafafunta a gabana. Ta daɗe tana kallon aikin.

"Uwar Lami, kin bar musu ƙofa a kusurwa. Ko makaho ya shiga nan."

Ta karɓi kaskon daga hannuna, ta gyara kusurwar, sannan ta wuce da shi ta ja layi a ƙofar gidanmu, siriri, a miƙe. Ta miƙo mini kaskon ta tafi ɗauko ƙwaryarta. Ranar ma a ƙetaren hanya ta zauna, kuma a can ta ci gaba da zama har ta rasu. Ni ce nake tsallakawa in kai mata masa.

Don haka in za ku ba jikokina labarin nan, ku ba da na rawar, ban hana ba, na yi ta kuma an gani. Amma ku fara da sunan Goggo Dija, ku ce ita ta tsare ɗakin da kuke kwana har a kwanakin da uwarku ke zaginta. Kuma ke Lami, ki daina share tokar da kike gani a ƙofata in kin zo da damina kina cewa ƙazanta ce. Ni nake zubawa, kuma har yau ban iya kusurwar ba.